Kama da Wane: Tarihin Hoton Kwaikwayo na Taurarin Adabi a Birtaniya, 1843-1879

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa karanta ƙagaggen labari ya san cewa marubuci ba ya ba shi cikakkiyar siffar tauraronsa. Yakan ambaci tsawonsa, ko furfurarsa, ko irin rigar da ya sa, sauran kuwa ya bar wa mai karatu ya cike da kansa. Shi ya sa idan mutum goma suka karanta littafi ɗaya, za a sami fuska goma ta tauraro ɗaya a zukatansu, kuma babu mai iya ce wa ɗan'uwansa tasa ba daidai ba ce. Masu zane sun daɗe suna cike wannan gurbi da alƙalumansu, ba tare da an yi wata jayayya mai tsanani ba, domin kowa ya san zane ƙirƙira ce kamar yadda labarin yake ƙirƙira. Amma da aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto a shekarar 1839, sai wata sabuwar matsala ta kunno kai. Kyamara ba ta ɗaukar abin da babu shi a gabanta. Wanda duk ya so ya nuna tauraron labari da ita, tilas ne ya nemo mutum mai rai, mai suna da sana'a da dangi, ya tufatar da shi, ya tsayar da shi, sa'an nan ya ce wa jama'a, ga wane.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin wannan irin hoto a ƙasar Birtaniya cikin shekaru arba'in na farko na ɗaukar hoto, tare da ba da ƙarfi ga aikin Julia Margaret Cameron. Za mu kira shi hoton kwaikwayo, watau hoton da aka shirya da gangan, inda wani mutum ya ari kamannin tauraron wani labari, ko waƙa, ko wasan kwaikwayo. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, a cikin kowane hoto irin wannan akwai mutum biyu, da tauraron da aka nufa da wanda ya tsaya a madadinsa, kuma kyamara ba ta iya kawar da na biyun. Masu sharhi na dā sun ɗauki wannan a matsayin aibi. Mu kuwa muna ganin nan ne amfanin hotunan yake ga mai nazarin adabi da tarihi.

2.0 Tushen Al'adar

Kafin zuwan kyamara, akwai wani wasa da ya yi tashe a gidajen masu hali na Turai. Mutanen gida da baƙinsu sukan sa tufafin dā, su shirya kansu bayan labule kamar yadda aka siffanta wani fage a cikin littafi ko zane, sa'an nan a ja labulen, su tsaya cik ba motsi ba magana na ɗan lokaci, 'yan kallo su yi ƙoƙarin gane labarin. Wanda ya san yadda yara kan shafa farin ƙasa su liƙa gemun auduga a wasan tashe zai fahimci irin nishaɗin da ke ciki: kowa ya san yaron, kowa kuma ya yarda na ɗan lokaci cewa tsoho ne. Da kyamara ta zo, sai ta tarar da jama'a da suka riga suka saba da tsayuwa shiru cikin kayan aro. Ita kuwa a lokacin abin da take bukata ke nan, domin ɗaukar hoto guda yakan ci daƙiƙu masu yawa, wani lokaci har mintoci.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya shafi martabar sana'ar. A ma'aunin masana zane na wancan zamani, zanen da ya ɗauko jigonsa daga tarihi, ko addini, ko adabi, shi ne a sama. Zanen fuskar mutum da na daji da na kayan marmari suna ƙasa. Ɗaukar hoto kuwa ana yi masa kallon aikin inji da magunguna, wanda bai cancanci a kira shi fasaha ba. Saboda haka masu ɗaukar hoto da ke neman a daraja su sai suka nufi adabi, suna ganin idan kyamara ta iya nuna abin da mawaƙi ya faɗa, babu mai sake raina ta.

3.0 Magabata

3.1 Hill da Adamson

A birnin Edinbura na ƙasar Sikotland, a shekarar 1843, wani mai zane, David Octavius Hill, ya haɗa kai da wani saurayi mai ɗaukar hoto, Robert Adamson. Asalin haɗuwarsu aikin coci ne: Hill yana son ya zana ɗaruruwan limaman da suka ɓalle daga Cocin Sikotland a wannan shekara, sai aka ba shi shawara ya ɗauki hotunansu tukuna. Suka yi amfani da hanyar da Fox Talbot ya yi wa rajista a 1841, wadda ake ɗaukar uwar hoton, watau abin da masu sana'ar ke kira nagatif, a kan takarda. Cikin abin da bai wuce shekara biyar ba, kafin rasuwar Adamson a farkon 1848, suka ɗauki hotuna dubbai.

Daga cikinsu akwai waɗanda aka ɗauko daga ƙagaggun labaran Walter Scott, wanda ya rasu a 1832, wanda kuma a daidai wannan lokaci ake gina masa hasumiyar tunawa a tsakiyar birnin. Suka sa wani dattijo masassaƙi, John Henning, ya fito a matsayin Edie Ochiltree, tsohon mabaracin nan na littafin The Antiquary na 1816, da doguwar riga da sanda. Suka kuma sa wasu abokan Hill su uku, dukansu masu zane, suka yi shigar 'yan zuhudun Kirista na littafin The Abbot. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka fara kallon hotunan nan sun san Henning ido da ido. Daɗin kallon a wurinsu shi ne ganin dattijon da suke girmamawa ya zama mabaraci, kuma ya dace da shigar. Tun daga farko ke nan, mutum biyun nan suna tare a cikin hoton, kuma ba a yi niyyar ɓoye ɗaya ba.

3.2 Lake Price da Robinson

A 1851 Frederick Scott Archer ya fito da wata sabuwar hanya ta ɗaukar nagatif a kan gilashi, wadda ta fi ta takarda fitar da kowane ɗan ƙaramin abu sarai. Wannan ya ƙara wa hoton kwaikwayo kyau, ya kuma ƙara masa wahala, domin yanzu ana ganin ɗinkin rigar aro da bakin gemun da aka liƙa. A tsakiyar shekarun 1850 William Lake Price ya ɗauki hoton Don Quixote, tauraron littafin Cervantes na ƙasar Sifen wanda kashinsa na farko ya fito a 1605. Ya zaunar da wani mutum mai tsinin gemu a ɗaki cike da tsofaffin littattafai da sulke da makamai. Zaɓen wannan tauraro yana da ban sha'awa, domin shi kansa Don Quixote mutum ne da ya yi ta karanta labaran barade har ya ɗauko tsohon sulke ya sa, ya ce shi ma barde ne. Ashe mai kwaikwayo ne aka sa ya kwaikwayi mai kwaikwayo.

Wanda ya fi kowa yin suna a wannan fage kafin Cameron shi ne Henry Peach Robinson. Shi dabararsa ita ce ya ɗauki sassan hoto dabam-dabam, sa'an nan ya harhaɗa su a takarda ɗaya. A 1858 ya fito da hoton wata budurwa a kan gadon mutuwa, danginta kewaye da ita, wanda ya haɗa daga nagatif biyar, ya kuma rataya masa baitocin mawaƙi Shelley. Wasu suka yi tir da shi, suna cewa bai kamata a nuna irin wannan baƙin ciki na cikin gida a hoto ba, alhali kuwa yarinyar lafiyarta lau, kwaikwayo take yi. Masu zane sun sha zana mutuwa ba wanda ya ce uffan. Amma da yake hoto ne, sai idon jama'a ya ɗauka gaske ne. A 1861 kuma ya nuna hoton tauraruwar waƙar Tennyson mai suna The Lady of Shalott, matar da aka la'anta kada ta dubi duniya sai ta cikin madubi, wadda ta karya dokar, ta shiga kwalekwale ruwa ya tafi da ita tana mutuwa. Bayan shekaru, Robinson da kansa ya amsa cewa kuskure ne babba a gwada irin wannan jigo da fasahar da ba ta san komai ba sai zahiri, ya kuma koma ga ɗaukar rayuwar karkara ta zamaninsa. Wannan ikirari nasa ya zama makami a hannun masu suka har tsawon ƙarni guda.

4.0 Julia Margaret Cameron

4.1 Rayuwarta da Hanyar Aikinta

An haifi Julia Margaret Pattle a Kalkata ta ƙasar Indiya a 1815, mahaifinta ma'aikacin Kamfanin Gabashin Indiya ne. A 1838 ta auri Charles Hay Cameron, masanin shari'a wanda ya girme ta da shekara ashirin, mai gonakin gahawa a tsibirin Silon, wanda yau ake kira Siri Lanka. Suka koma Ingila a 1848. A 1860 suka zauna a ƙauyen Freshwater na tsibirin Wight, maƙwabtaka da Alfred Tennyson, wanda a lokacin shi ne mawaƙin fadar Sarauniya Biktoriya. A ƙarshen 1863, tana da shekara 48, 'yarta da surukinta suka ba ta kyautar kyamara. Ta mai da akurkin kaji mai rufin gilashi ya zama wurin ɗaukar hoto, ɗakin ajiye gawayi kuma ya zama ɗakin duhu na wanki.

Ya kamata mai karatu ya san wahalar aikin, domin ita ce ta haifar da kamannin hotunan. Sai an goge farantin gilashi tas, a kwarara masa wani ruwa mai danƙo, a tsoma shi cikin ruwan azurfa a ɗakin duhu, a sa shi a kyamara, a ɗauki hoton, a kuma wanke shi, duk kafin ya bushe, watau cikin 'yan mintoci. Ƙura ɗaya, ko gashi, ko sawun yatsa, ya isa ya bar tabo. Daga 1866 Cameron ta koma amfani da manyan faranti masu inci 15 da 12, tana matso da kyamara kusa da fuska, tana kuma rage haske. Saboda haka mai zama gabanta yakan daɗe mintoci ba ya ko motsi. Numfashi da ƙiftawar ido sukan sa hoton ya fito da ɗan dishi-dishi. 'Yan sana'a suka yi ta sukar ta da cewa ba ta iya saita idon kyamara ba, ita kuwa ta nace cewa da gangan take tsayawa inda abin ya yi mata kyau a ido. Duk da sukar, gidan kayan tarihi na South Kensington a Landan ya sayi hotunanta 80 a 1865, a 1868 kuma ya ba ta ɗakuna biyu ta yi aiki a ciki.

4.2 Su Wa Suka Ari Fuskokin?

Cameron ta shahara da hotunan manyan mutane, irin su Tennyson da Charles Darwin da masanin taurari John Herschel. Waɗannan galibi da sunayensu ta ɗauke su. Amma mata, da barori, da yaran ƙauye, mafi yawan lokaci da sunan wani ta ɗauke su. Wannan rabo shi kansa darasi ne game da zamanin.

Mary Hillier, 'yar wani mai ɗinkin takalma, ta shiga aikin gidan Cameron tun tana yarinya. Ita ce ta fi kowa fitowa a hotunan uwargijiyarta, kuma a 1865 ta fito a matsayin Juliet ta wasan Shakespeare, tare da marubuci Henry Taylor a matsayin limamin da ya ɗaura auren asiri. Mary Ryan kuwa 'yar ƙasar Ailan ce, wadda Cameron ta tarar tana bara tare da mahaifiyarta a bayan garin Landan, ta ɗauke ta ta raine ta tana aiki a gidan. Ta fito a matsayin Miranda, 'yar sarkin da aka kora a wasan The Tempest. Wani saurayi, Henry Cotton, wanda ke shirin shiga aikin gwamnatin Indiya, ya ga hotonta a wurin nuni ya nemi aurenta. Aka ɗaura a 1867, Cameron kuma ta ɗauke su su biyu a matsayin Romeo da Juliet. Daga baya Cotton ya kai babban matsayi har aka ba shi lambar girma, tsohuwar mabaraciya ta zama uwargidan babban mutum. Tennyson yana da wata gajeriyar waƙa a kan sarkin da ya auri mabaraciya, wadda Cameron ta yi wa hoto a 1875; abin da waƙar ta faɗa ya riga ya faru a cikin gidanta.

Misali na uku ya fi waɗannan sarƙaƙiya. A 1872 ta ɗauki fagen farko na wasan King Lear, inda tsohon sarki ke raba mulkinsa tsakanin 'ya'yansa mata uku. Mijinta, mai dogon farin gemu, shi ne sarkin. 'Ya'yan kuwa 'yan gidan Liddell ne su uku, kuma wadda ta tsaya a matsayin Cordelia, autar da ta ƙi yi wa ubanta daɗin baki, ita ce Alice Liddell, tana da shekara 20. Wannan Alice ita ce yarinyar da Lewis Carroll ya ƙaga wa labarin Alice's Adventures in Wonderland, wanda aka buga a 1865, shi ma kuma ya taɓa ɗaukar ta hoto cikin tsumma a matsayin mabaraciya a 1858. Mai kallon hoton 1872 a yau da wuya ya ga Cordelia. Alice yake gani, macen da adabi ya riga ya ari sunanta, sa'an nan ita kuma ta ari sunan wata daga adabi.

4.3 Hotunan Labarin Sarki Arthur

A 1859 Tennyson ya fara fitar da jerin waƙoƙinsa masu ba da labari, Idylls of the King, a kan Sarki Arthur da baradensa, aikin da bai kammala ba sai 1885. Jigonsu shi ne yadda daula ke rushewa daga cikin gida idan amana ta lalace: matar sarki, Guinevere, ta ci amanarsa da babban bardensa, Lancelot. A 1874 Tennyson ya nemi Cameron ta shirya hotunan da za a ƙawata wani sabon bugu mai araha da su. Ta karɓi aikin hannu bibbiyu. Ta ɗauki hoto kimanin 245 kafin ta sami 'yan ƙalilan da suka gamshe ta.

Neman fuskoki ya zama babban aiki. Sarki Arthur dai wani ɗan dako ne na tashar jiragen ruwa ta Yarmouth, William Warder, aka sa masa hular kwano da sulke. Merlin, tsohon bokan fada, mijinta ne, yana kusa da shekara tamanin. An ruwaito cewa a fagen da matsafiya Vivien ke ɗaure shi da sihirin da ta yaudare shi ya koya mata, tsohon ya riƙa fashewa da dariya yana ɓata faranti ɗaya bayan ɗaya. A fagen ƙarshe, inda sarauniyoyi uku ke tafiya da sarki cikin jirgin ruwa bayan an yi masa mummunan rauni, ƙaramin jirgi aka shigo da shi ɗaki, aka shimfiɗa yadi a madadin igiyar ruwa, jinjirin wata kuma aka zana shi da hannu a jikin gilashin.

Da bugun ya fito, sai ta tarar an ɗauki kaɗan daga hotunan, an ƙanƙanta su, an kuma ba masassaƙa sun kwafe su a kan katako don injin ɗab'i, domin a lokacin ba a riga an sami hanyar buga hoto kai tsaye tare da rubutu ba. Watau an mai da hoton zane. Ɗan dakon Yarmouth ya ɓace, abin da ya rage bardan littafi ne irin wanda kowane mai zane zai iya yi. Wannan bai yi mata daɗi ba. Ta ɗauki nauyin fitar da nata bugun, manyan kundaye biyu, na farko a ƙarshen 1874, na biyu a 1875. Kowanne yana ɗauke da ainihin hotuna goma sha biyu da aka liƙa da hannu, da hoton Tennyson a gaba, da baitocin da suka dace a cikin rubutun hannunta. Kuɗin kundi ɗaya fam shida da sule shida, abin da ya kai albashin watanni da dama na 'yar aikin gida irin Mary Hillier. Ga shi kuwa iyalin suna cikin matsin kuɗi, domin gonakin gahawa sun daina kawo abin kirki. Kundayen ba su sami kasuwar da ta sa rai ba. A watan Oktoba na 1875 ita da mijinta suka tashi zuwa Silon wurin 'ya'yansu, can ta rasu a watan Janairu na 1879. Hotunanta da aka sani a yau sun haura 1,200.

Ƙin yarda da ta yi da zanen katako shi ne hujjarmu mafi ƙarfi. Da burinta shi ne a ga Arthur kawai, da zanen ya wadatar, har ma ya fi, domin zane ba ya nuna sulken aro. Ita tana son a ga Arthur a fuskar mutum mai numfashi, ko da za a gane cewa aro ne.

5.0 Hukuncin 'Yan Baya

Bayan rasuwarta ra'ayi ya juya wa hoton kwaikwayo baya. A 1889 P. H. Emerson ya wallafa littafin da ya yi kira ga masu ɗaukar hoto su bar harhaɗe-harhaɗe irin na Robinson, su fuskanci duniya yadda take. A farkon ƙarni na 20 wannan ra'ayi ya yi rinjaye a Turai da Amurka. Aka raba aikin Cameron gida biyu: hotunan fuskokin manyan mutane, waɗanda aka ɗaukaka, da hotunan adabi, waɗanda aka mai da abin dariya. Virginia Woolf, wadda jikar 'yar'uwar Cameron ce, ta rubuta wasan barkwanci mai suna Freshwater a kan gidan, ta kuma fitar da zaɓaɓɓun hotunanta tare da Roger Fry a 1926, galibinsu na fuskoki. Helmut Gernsheim, wanda littafinsa na 1948 ya farfaɗo da sunanta, shi ma ya ɗauki hotunan Arthur a matsayin kasawa, yana nuni da yadin da aka ce ruwa ne.

Daga shekarun 1970 zuwa 1980 aka sake duba lamarin. Masu nazarin tarihin mata suka fara tambayar ko su wane ne waɗannan barori, da abin da ake nufi da ba su matsayin sarauniya na minti biyar sa'an nan su koma madafa. A daidai wannan lokaci kuma wasu masu fasaha, irin su Cindy Sherman ta Amurka, wadda tsakanin 1977 da 1980 ta ɗauki kanta cikin shigar matan finafinan da ba a taɓa yi ba, suka mai da kwaikwayon da ake gane shi ya zama shi ne jigon aikin. Da idon jama'a ya saba da wannan, sai aka ga cewa yadin Cameron bai fi labulen dandalin wasan kwaikwayo zama ƙarya ba. Ɗan kallon wasa ya san ba a fadar sarki yake ba, bai kuma taɓa neman a mayar masa da kuɗinsa saboda haka ba.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda hoton kwaikwayo ya samo asali daga wasan cikin gida da kuma neman martabar sana'a, da yadda ya bunƙasa daga Hill da Adamson zuwa Cameron, da yadda aka yi watsi da shi sa'an nan aka dawo gare shi. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Masu suka sun tsaya a kan wannan, suka ce tun da ɗan dako ba Arthur ba ne, hoton ya faɗi. Amma Arthur na Tennyson ba shi da fuskar da za a gwada ta ɗan dakon da ita. Abin da hoton ya adana mana shi ne yadda wata mai karatu, a wata shekara, ta hango tauraron, da irin mutumin da ta ga ya cancanci ya ɗauki nauyinsa. Ta wannan fuska hoton kwaikwayo sharhi ne a kan matani, kuma ya kamata a karanta shi kamar yadda ake karanta kowane sharhi, a tambayi wanda ya yi shi, da lokacin, da abin da ya zaɓa, da abin da ya bari.

Tambayar ba ta tsaya a Ingila ba. Labarin da ake bayarwa da jerin hotuna ya bunƙasa a Italiya daga 1947, ya kuma iso Nijeriya ta mujallar African Film, wadda tsakanin 1968 da 1972 ta sa matasa suka san fuskar Lance Spearman kamar ta maƙwabcinsu. A adabinmu kuma, tun da Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, wanda ya kalle shi yana komawa ga littafin da wata fuska a zuciyarsa wadda marubucin bai ba shi ba. Gani ya kori ji, kuma a nan korar tana da riba tana da hasara. Akwai bukatar ɗalibanmu na manyan digirori su tattara bangayen littattafanmu, da hotunan wasannin makarantu, da na tallan finafinai, su nazarce su da irin tambayoyin da aka yi wa kundayen Cameron, tun waɗanda suka tsaya gaban kyamarar suna raye, ana iya jin ta bakinsu.